Ina Ake Kai Filin Ƙwallo Idan Ya Tsufa?

Ranar Asabar da safe ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Tilburg ta ƙasar Holan, ya ja ni kallon wasan ƙungiyar unguwarsu. An kwana ana yayyafi, amma filin shar yake, babu taɓo ko kaɗan. Da aka tashi sai na ga 'yan wasan sun tsaya a bakin ƙofa, kowa na goge takalminsa da buroshi a kan wata ragar ƙarfe. Na duƙa na duba abin da ke zuba: baƙin tsaki ne, kamar gero da aka ɓarza.

"Kawu, ai taya ce," in ji yaron. "Tsofaffin tayoyin mota ake niƙawa."

Filin ashe hawa-hawa ne. Akwai shimfiɗa mai gashin roba kamar darduma, a zuba mata yashi don ta kwanta, sannan a bi da tsakin taya don ƙafa ta ji laushi. Babban fili ɗaya kan ci tan 100 na tsakin nan ko fiye. A 2016 Holan na da irin waɗannan filayen ƙwallo kusan 2,000. A shekarar ce shirin bincike na talabijin mai suna Zembla ya tayar da hankalin iyaye kan sinadaran da ke cikin tsakin, har hukumar lafiyarsu, RIVM, ta ɗebi samfuri daga filaye 100, ta ce wasa a kansu ba shi da hatsarin a zo a gani.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Ciyawar roba ba ta dawwama. Bayan shekara goma ko makamancin haka gashin ya kwanta, a zo da inji a yanka ta, a naɗe kamar tabarma, da yashin da tsakin duka a ciki. Ƙaramar hukuma ta biya ɗan kwangila kuɗin kwashewa da sarrafawa, ta rufe fayil. A 2018 Zembla ta bi sawun waɗannan naɗaɗɗun filaye, ta same su jibge a harabar kamfanoni, tsibi-tsibi, sun fi bene tsayi. Ba da daɗewa ba gobara ta tashi a wata irin wannan matara a Dongen, garin da ba shi da nisa da inda na sauka.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ba da aiki. Ana karɓar kuɗi ne tun a bakin ƙofa, ranar da aka sauke kaya. Raba roba da yashi da tsakin taya kuwa aiki ne mai cin kuɗi da injuna. Idan babu mai dawowa ya tambaya, tarawa ta fi riba. Wanda ya biya yana da rasit, amma rasit ɗin bai faɗi inda filin ya kwana ba. Wannan giɓin ne 'yan majalisar jihar Maryland ta Amurka suka yi shekaru suna kawo ƙuduri a kansa, suna neman kowane fili ya zama da takardar da za ta bi shi daga hannu zuwa hannu har makomarsa. A ganina nan ne gaskiyar maganar take. Abu mai nauyin ɗaruruwan tan bai kamata ya ɓace wa hukuma ba.

Mutanen Holan dai sun ji kunya, kuma sun motsa. A 2020 aka buɗe masana'antar sarrafa tsohuwar ciyawar roba a Amsterdam, daga baya kamfanin Re-Match na Danmak ya buɗe tasa a Tiel. Tarayyar Turai kuma ta bi ta wata ƙofar. Hukumarta ta sinadarai ta ƙiyasta cewa tsakin da ke zurarewa daga filaye zuwa ƙasa da magudanan ruwa zai iya kai tan 16,000 a shekara. A watan Satumba na 2023 aka zartar da doka: daga Oktoban 2031 babu sauran sayar da tsakin roba don zuba wa filaye. Buroshin nan da na gani, da katakan da aka kewaye filin da su daga ƙasa, duk dabarun tare tsakin ne kafin lokacin. Wasu ƙungiyoyi tuni sun koma zuba niƙaƙƙen ɓawon bishiyar da ake yin marfin kwalba da shi.

A jirgin ƙasa, kan hanyarmu ta komawa, tunanina ya tafi gida. Mun san hanyar da kayan Turai ke bi idan sun tsufa. Motocinmu da firjinmu da gwanjonmu shaida ne. Ƙananan filayen roba kuma sai ƙaruwa suke a biranenmu, matasa na biyan kuɗin awa suna bugawa har dare, kuma ina murna da su, don sun fi zaman banza nesa ba kusa ba.

Da na dawo na leƙa wani irinsa a unguwarmu, wanda aka sauya wa shimfiɗa bara. Na tambayi mai gadin ina tsohuwar take. Ya ce, "Alhaji, masu kyan an yayyanka, masu shaguna sun saya sun shimfiɗa a ƙofa." Na ce sauran fa? Ya nuna mini bayan katanga, inda ƙasa ta yi baƙi, ga awaki na kiwo a gefen tokar.