Goumier: Kalmar da Ta Juya wa Mutanenta Baya

Gaɓa biyu ce a bakin Bafaranshe: gou-mier, ana furta ta "gu-mye", nauyin murya a kan gaɓar ƙarshe. Ni ɗan Burkusuma, harshena ba ya haɗa baƙi biyu a farkon gaɓa, don haka sai ya tsinka ta uku: gu-mi-ye.

Na gamu da ita a jami'a, ina karanta tarihin Nijar. Asalinta Larabci ne, "ƙaum", wato jama'a, kalmar da muka sha maimaitawa a makarantar allo. Faransawa suka ɗauko ta daga Arewacin Afirka, suka raɗa ta ga ɗan ƙasa da suka ba bindiga ya yi musu aiki.

Wannan sauyin ma'ana ya dame ni. Yarjejeniyar 1906 ta tabbatar da rabuwar Gobir: Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila. A yau kuma, da yawa daga cikin 'yan bindigar da ke hana mu noma daga Isa zuwa Sabon Birni, a ƙasar nan aka haife su. Duk wanda za a miƙa wa makami da sunan tsaronmu, ya kamata mu fara tambaya: wa zai yi wa biyayya?