Daga Dapaong Zuwa Sokode: Hanyar Goro da Malamin da Ya Hausantar da Imru'ul Ƙaisi

Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salga, mutanen Gwanja kuma suke ce masa Imam Imoru, an haife shi a Kano wajen shekarar 1858, ya rasu a Kete-Karaci a 1934. Asalin gidansu Kabawa ne. Malami ne, limami, mai tsara waƙa da Larabci da Hausa, kuma shi ne ya ɗauki waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shugaban mawaƙan soyayya na Larabawan jahiliyya, ya zuba su cikin Hausa da rubutun ajami. Garin da ya ƙare rayuwarsa a ciki yana ƙasar Gana a yau, amma lokacin da ya sauka can yana cikin Togo ta Jamus ne, gwamna ɗaya ke mulkinsa da Sokode da Mango. Mahaifinsa farke ne mai fataucin goro, kuma a bayan ayari Umaru ya fara sanin duniya. Manyan hanyoyi biyu da fataken Kano ke bi zuwa Gwanja duk sun ratsa arewacin Togo: ɗaya ta ƙasar Gurma ta faɗo Mango, ɗaya ta Nikki da Jugu ta ratsa ƙasar Kotokoli. Titin da ya tashi daga Dapaong zuwa Sokode, tafiyar kusan kilomita 300, yana tsallaka su duka biyun. Shi mai wannan labari ya bi, daga arewa zuwa kudu.

Dapaong, wanda tsofaffi ke kira Dapango, shi ne babban birnin yankin Savanes, sama da kilomita 600 daga Lome, kusa da iyakar Burkina Faso ta Cinkasse. Ƙasar Moba ce da Gurmawa, ƙasar dawa da gero da zabi, ga kuka da kaɗanya da ɗorawa ko'ina, har Bakatsine zai ɗauka bai bar gida ba. Ranar Asabar kasuwa ke cika. A layin 'yan goro Hausa ake ji. Matafiyi zai ga dattijo ya kwance huhu, ya ɗaga ganyen da aka lulluɓe goron da shi, ya yayyafa ruwa, sannan ya bi shi ɗaya bayan ɗaya yana fitar da mai sankara kada ya ɓata sauran. Goriya gefe guda, minu gefe guda. Wannan aikin shi ne fatake ke yi a kan hanya lokaci zuwa lokaci, watanni cur, kafin goron Gwanja ya isa kasuwar Kurmi da ransa. Kanwa da turkuɗi da baƙin rini da jan fata suke saukowa da su, su koma da goro bisa jakuna.

Tun watan Yuni na 2022 yankin yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga daga iyaka, don haka mota ba ta nisa sai ta tsaya a shingen sojoji, kowa ya nuna katinsa. Rashin tsaro ba baƙo ba ne a nan. A kudu maso yammacin garin akwai kogunan dutse na Nok, inda Moba suka gina rumbunan laka a jikin tsauni, su ɓuya da hatsinsu idan mahaya Cakosi na Mango suka kawo hari. Irin ƙasar da madugu ke ratsawa ke nan da ɗaruruwan mutane da dabbobi, jagaba a gaba, uban dawaki yana sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito da na wucewa. Kowane babban ayari kuma yana da malaminsa, mai rubuta wasiƙa, mai riƙe lissafi, mai addu'a. Ba abin mamaki ba ne littafin Umaru na farko, wanda ya gama a 1877 yana ɗan kimanin shekara 20, ya kasance jagoran rubuta wasiƙu ne, mai suna Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Yaron ayari ne ya ga abin da ayari ke bukata.

Kimanin kilomita 70 kudu da Dapaong, Sansanne Mango na zaune a bakin kogin Oti. Cakosi, waɗanda suke kiran kansu Anufo, su suka kafa mulki a nan a ƙarni na 18, bayan sun taso daga ƙasar Anno ta Kwaddibuwa a matsayin sojojin haya. Nan ayarin da ya biyo ta Gurma ke hutawa, ya biya haraji, ya ƙetare ruwa ya nufi Yandi, daga can sai Salga.

A Salga Umaru ya yi niyyar zama bayan ya gama yawon neman ilmi, amma bai samu garin yadda ya san shi yana yaro ba. Tun da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 Asante suka rasa ikonsu a kan Gwanja, cinikin goro ya fara karkata zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe masu mulkin Salga, baƙi suka watse, babbar kasuwar ta zama kufai. Ya rubuta wannan masifa a doguwar waƙarsa ta Larabci, Tanbihul Ikhwani fi Zikril Ahzani, wadda har yau masana tarihi ke dogaro da ita. Wajen 1896 ya koma Kete-Karaci a bakin kogin Volta, inda Jamusawa suka kafa bariki, can aka naɗa shi limami.

Kufai shi ne mabuɗin alaƙarsa da Imru'ul Ƙaisi. Wannan mawaƙi ɗan sarki ne daga ƙabilar Kinda, ya rayu a farkon rabin ƙarni na 6 Miladiyya. Masu tarihin adabi sun ruwaito cewa ubansa Hujru ya kore shi saboda waƙar mata da shashanci, daga baya Banu Asad suka kashe uban, ɗan ya shiga yawo ƙabila-ƙabila yana neman mataimaka don ɗaukar fansa, har ya kai fadar Ƙaisar a Ƙusɗanɗiniyya, ya mutu a kan hanyar dawowa kusa da Ankara. Shi ya sa ake masa laƙabi da sarki mai gantali. Shahararriyar waƙarsa, Mu'allaƙa, mai baiti kimanin 80, tana farawa ne da mahayi da ya tsaya a tsohon mazaunin masoyiyarsa bayan mutanenta sun tashi, yana duban alamun da iska ba ta gama shafewa ba. Daga nan sai tuna ranakun da suka wuce da sunayen mata irin su Unaiza da Faɗima, sai tsawon dare, sai siffar doki, sai hadari da ambaliya. Romawa ma suna da nasu mawaƙin soyayyar da ƙaddara ta jefa nesa da gida, wato Ovid, wanda sarki Augustus ya kora zuwa Tomis a bakin Baƙin Teku a shekara ta 8 Miladiyya. Amma waƙar Ovid ta birni ce. Ta Imru'ul Ƙaisi kuwa ta mutanen da ke kwana yau nan gobe can ce, kuma farke Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhinta: ya sha isa zango ya tarar da duwatsun murhu da toka mai sanyi da kashin dabbobi, waɗanda ya so ya riska sun yi gaba. A ganin mai wannan labari, abin da ya ba Alhaji Umaru ƙarfin yin aikin da malamai da yawa da suka kai shi Larabci ba su yi ba ke nan. Yana da kalmomin doki da sirdi da rafi da hadari a bakinsa, daga rayuwa ya same su, ba daga ƙamus ba.

Daga Mango titi ya bi ta Kante, mashigar ƙasar Koutammakou mai gidajen laka masu bene, wadda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2004, ya haura duwatsun Defale, ya sauka Niamtougou da Kara. Wannan yanki ba shi da yawan abin faɗa game da mawaƙin. Daga Bafilo, garin masaƙa, ake shiga ƙasar Tem, wato Kotokoli, masallatai su fara yawa. Gaba kaɗan tsagin Aledjo yake, inda aka fasa dutse titi ya bi ta tsakiya, sannan gangara har Sokode.

Sokode na nesa da Lome da kimanin kilomita 340, kuma ita ce cibiyar Musulunci a Togo. Tsohuwar unguwarta, Didawure, zango ce tun asali: Wangarawa da Dandawa da Hausawa da ke bin hanyar Jugu zuwa Gwanja su suka zauna a nan ƙarƙashin kariyar sarakunan Caujo na Kotokoli. A ƙarshen ƙarni na 19 Uro Jobo Bukari na Paratao, mai rundunar mahaya da ake kira Semasi, ya karɓi Musulunci, ya kuma ƙulla ƙawance da Jamusawa, waɗanda suka kafa barikinsu a Sokode wajen 1898. Har yanzu dawakin na fitowa a bikin Gadao-Adossa lokacin Mauludi, da kwalliyar da ɗan Zariya zai gane.

Shekarun shigowar Turawan nan ne Alhaji Umaru ya fi yin rubutu. Yana kallon ƙasashen Turawa uku suna rabon ƙasar da ya taka da ƙafarsa. A waƙoƙinsa biyu na Larabci, Mashra'u Ma'il Khabari da Nazmul La'ali, da kuma Waƙar Nasara ta Hausa, ya bayyana yadda suka shigo da sunan ciniki da lallashi, sannan suka kafa tuta, ya jero garuruwan da suka faɗa hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka bai ƙi zama da wanda ya zo neman ilmi ba. A Salga ya san Gottlob Adolf Krause, Bajamushen da Hausawa ke kira Malam Musa. A Kete-Karaci kuma ya karantar da jami'in mulki Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci a 1906. Don shi ya rubuta shafuka masu yawa na zube da ajami kan tarihin Kabi da Kano da Sakkwato, da noma da sana'o'i da aure da fatauci. Waɗannan suna cikin mafi daɗewar dogon zuben Hausa da ake da shi, kuma Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warsaw ya buga wani kaso nasu a 2000. Waƙarsa ta Hausa da ta fi shiga bakin jama'a ita ce Waƙar Talauci da Wadata, wadda ta nuna yadda ake wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, ake girmama mai dukiya ko da ba shi da ita. Ya tafi aikin hajji wajen 1913, ya yi shekaru a can. Annobar mura ta 1918 ma ya yi mata waƙa, ya sa mata suna Tunkuyau.

Wani zai tambaya: me ya haɗa limami da waƙar Unaiza? Amsar tana zaure. A makarantun ilmi na ƙasar Hausa da zangunan Kurmi, wanda ya yi nisa a fiƙihu da nahawu yakan karanta Maƙamatul Hariri da littafin da ake kira Shu'ara, tarin waƙoƙin mawaƙa shida na jahiliyya: Imru'ul Ƙaisi da Nabiga da Alƙama da Zuhairu da Ɗarafa da Antara. Ba don koyi da halinsu ake karanta su ba, don tsantsar Larabcin da Alƙur'ani ya sauka da shi ne. A wani zaure cikin zangon Sokode, bayan la'asar, mai wannan labari ya zauna a irin wannan darasi. Malamin na kan buzu, littafin mai rawayar takarda a buɗe a gaban ɗalibi, gefensa cike da ƙananan rubutun ajami. Ɗalibin ya ja guntun Larabci, malamin ya ba shi Hausarsa, ɗalibin ya ce na'am, ya ja na gaba. Da suka iso wurin da mawaƙin ya saki baki, saurayin ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam, a tsallake wannan?"

"Karanta, ɗana. Harshe muke nema, laifinsa yana wuyansa."

Irin wannan fassara ta baki tana mutuwa da mai yin ta, sai ɗan abin da ɗalibi ya tsinta a gefen shafi. Alhaji Umaru ya rubuta tasa. R. S. Rattray, jami'in Ingila mai nazarin al'adu a Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya same shi a ƙarshen rayuwarsa, ya ga aikin, ya yaba zurfin Hausarsa, ya kuma buga wani ɓangare da fassarar Ingilishi a 1934, shekarar da malamin ya rasu.

Iyaka ce ta raba sunansa da wannan titi. Jamusawa sun miƙa wuya a Kamina a watan Agusta na 1914, aka raba Togo: Faransa ta ɗauki gabas da Sokode da Mango da Dapaong, Ingila ta ɗauki yamma da Kete-Karaci da Yandi. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1956, yankin yamma ya shiga Gana a 1957. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cinye tsohon garin Kete-Karaci. A cikin shekarun 1960 ɗin ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai ta ɗauki hoton rubuce-rubucensa da yawa, su ne ake amfani da su a yau.

Ɗalibin Hausa a Kano yana jin sunan Alhaji Umaru a darasin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 20, galibi saboda Waƙar Nasara. Fassarar Imru'ul Ƙaisi kuwa ba ta hannun masu karatu. Ya kamata sassan Hausa da Larabci na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa kai da Legon da Jami'ar Kara, su nemo abin da ya rage nata, su buga shi da ajami da boko a gefen Larabcinsa, kuma a kai kwafi zaurukan Didawure da Mango da Dapaong inda har yau ake karanta Shu'ara.