Mun Nufi Gabas Domin Mu Je Arewa

A hutun lakwal da ya wuce Allah ya nufe mu da kai yara ganin dangi a Matankari. Mun bar Yamai bayan sallar asuba, kuma kafin mu kai Doso rana ta ɓullo tana dukan fuskokinmu. Nan ƙaramar ɗiyarmu ta yi tambayar da ta zama sanadin wannan rubutu. Ta ce, "Baba, kun ce Arewa za mu, ga shi kuwa muna fuskantar mafitar rana. A lakwal an koya mana cewa arewa ita ce nord." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta hana mu jin kunya ba, domin yarinyar jinin Arawa ce, ga shi ba ta san cewa ƙasar kakanninta na da wannan suna ba. Laifin kuwa namu ne.

Yarinyar ba ta yi kuskure ba. Dogon Dutsi, babban garin wannan yanki, yana gabas da Yamai ne sak, tafiyar kimanin kilomita 270 a kan hanyar da ke wucewa zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi. Daga nesa matafiyi kan hango jajayen duwatsun da garin ya ci sunansu, tsaye a bakin kwarin da ake kira Dallol Mawri, inda ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, gonakin gero kuma suka shimfiɗu ko'ina. A cikin wannan ƙasa ne Lugu take, garin Sarauniyar da ta kara da rundunar Faransawa a 1899.

A Matankari, tsohon mazaunin Sarkin Arewa, muka kai tambayar gaban wani dattijo daga cikin danginmu, mai tsagar Arawa da ta taso daga gefen baki zuwa wajen kunne. Ya gyara zama a kan buzunsa ya ba mu abin da ya gada daga na gaba. Wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo wannan ƙasa, ya auri ɗiyar masu ƙasa, aka haifi Akazama wanda ya fara sarauta. Zuriyarsa su ne Arawa, kamar yadda ake cewa Gobirawa ko Katsinawa; mutum ɗaya Ba'are ne, ƙasar kuma Arewa. Zabarmawa na kiransu Mawri, sunan da Faransawa suka ɗauka suka sa a takardunsu. Har a ƙetaren iyaka sunan bai ɓace ba, domin a jihar Kabi ta Nijeriya akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa.

To, ina sunan ƙasa ya haɗu da sunan kusurwa? Dattijon ya nuna da sandarsa ya ce, "Mutumin Argungu in zai zo nan, ina yake fuskanta?" A ganinsa mutanen Kabi ne suka riƙa cewa za su Arewa, har sunan ya bi hanyar ya zauna mata. Wannan fahimtarsa ce, kuma ta kwanta mana a rai, ganin cewa sauran kusurwoyin ma daga zaman yau da kullum aka samo su: yamma sunan lokacin da rana ke gangarawa ne, gabas kuma kunne na jin kusancinta da gaba, wato inda mai salla ke fuskanta. Shi ya sa tsofaffinmu kan ce wane ya tafi Gabas, ma'ana ya tafi Makka.

Wani abin ban sha'awa, ƙasar da makwabtanmu ke kira Arewa, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya shugabanta har 1966, mu a nan kudu take gare mu.

Muna cikin hira aka kira la'asar. Da matan gida suka shimfiɗa wa yara tabarma, dattijon ya ce musu, "Ku fuskanci gabas, sannan ku ɗan karkata arewa," domin haka alƙibla take a wannan yanki. Yarinyar ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, wace Arewar? Ai a cikinta muke." Ya kama kafaɗunta da hannu biyu, ya juya ta kaɗan zuwa hagu, sannan ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci.