Hannun roba mai sanin lokaci

A Kudan na taso, cikin gonakin rake. Muna aji 3 injin matse rake ya cinye hannun wani abokin karatuna. An yi masa na roba, amma cika hannun riga kawai yake yi, ko cokali ba ya ɗauka.

Tun lokacin nake bibiyar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. Ita ke tsara lokacin motsi: yaushe yatsu za su damƙe, yaushe za su saki. Idan na'ura ta iya kwaikwayonta, hannun roba zai iya motsi a kan kari.

An fara gwadawa. A 2011, Matti Mintz na Jami'ar Tel Aviv ya tsayar da aikin wannan sashe a jikin ɓera, ya maye gurbinsa da 'yar na'ura, ɓeran ya koyi ƙifta ido daidai lokacin da ya kamata bayan jin ƙara. A 2018, Jami'ar Manchester a Ingila ta kunna SpiNNaker, kwamfutar da ke aika saƙo irin na jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

'Yan'uwana ɗaliban Ikara da Makarfi, tushen wannan aiki lissafi ne da ilimin lantarki. Mu riƙe su da kyau.