Abin da ke cin birkin babur mai ƙafa huɗu

Babur mai ƙafa huɗu ba na kwalta ba ne. Tun da Suzuki ta fito da LT125 a 1982, aikinsa gona ne da daji da bakin rafi. Makiyayan tumaki a New Zealand da tsaunukan Birtaniya da shi suke zagaya garke da sassafe. Ba gudu suke yi ba. Mutum ya tafi a hankali, ya tsaya ya buɗe ƙyaure, ya wuce. Duk da haka takalmin birkinsa kan riga na motar da ke sheƙa gudu a babban titi ƙarewa.

Malam, ɗauki takalmin nan ka duba. Ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, an manna masa wani abu mai kaushi a fuska ɗaya. Biyu ne suke fuskantar juna, faifan birki a tsakani. In ka matsa hannun birki, mai ya tura su, su cafke faifan. Don ya cinye aka yi takalmin. Shi ne mai araha, faifan ne mai tsada, saboda haka gara shi ya tafi.

Sai dai a wannan babur, yawan kama birki ba shi ne babban mai laifi ba. In ka saki hannu, takalmin ba ya ja da baya sosai. Ratar da ke tsakaninsa da faifan ko takarda da ƙyar take shiga. Babur ya ratsa fadama, taɓo ya cika ratar, cikin taɓon kuma akwai yashi. Taya na juyawa, yashin na gurza, kamar dutsen niƙa da ba a ɗauke masa hannu ba. Mai babur bai taɓa birki ba, amma birkinsa na raguwa. Busasshiyar ƙura ba ta yin wannan ɓarna, domin iska na kwashe ta. Jiƙaƙƙen yashi ne ke liƙewa.

Takalman iri biyu aka fi sayarwa. Akwai mai laushi, na zare da ƙaro, ba ya ƙara kuma ba ya wahalar da faifai, amma taɓo na lashe shi da wuri. Akwai na garin ƙarfe da tagulla da aka matse aka gasa. Shi ya fi jure laka, sai dai yana ɗan ci daga jikin faifan. Ni dai ga mai aikin fadama na biyun zan ce ya saya.

Kamfanonin sun san matsalar. A farkon shekarun 2000 Kawasaki ta rufe birkin bayan Prairie 650 a cikin gidan ƙarfe mai cike da mai, inda ƙasa ba ta da hanyar shiga. Honda kuwa ta daɗe tana sa rufaffen birki a cibiyar tayar baya, da roba a bakinsa. Yana da kyau muddin robar na da rai. Ran da ta tsage, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Ɗan acaɓar da ke bin hanyar ƙauye da Boxer a watan Agusta ya san wannan, don irin birkin ke nan a babur ɗinsa.

Littattafan kamfanoni da yawa sun ce a canza takalmin idan kaurin abin da aka manna ya sauko milimita 1. Mutane kaɗan ne ke durƙusawa da tocila su leƙa. Akasari sai an ji ƙarfe na kuka a kan ƙarfe, lokacin kuwa faifan ya riga ya yi zane, in ka ja farce a kai za ka ji yana maƙalewa. Akwai alamar da ke zuwa kafin nan. Man birki a ɗan kofin da ke kan kan babur yana yin ƙasa, saboda fistan da man ke turawa ya ƙara fitowa yana bin takalmin da ya sirance. Sai mutum ya ƙara mai ya rufe, bai tambayi inda na da ya tafi ba.

Idan an ciro tsofaffin, kar a yi saurin jefar da su. A haɗa su gefe da gefe. In ɗaya ya ƙare ƙarƙaf ɗaya na nan da kaurinsa, ƙusoshin da gidan takalmin ke zamewa a kansu sun yi tsatsa sun cije. A goge su, a shafa giris, in ba haka ba sabon ma gefe ɗaya zai cinye. A wanke fistan kafin a mayar da shi ciki. Ƙafafun gaba kuma tare ake yi musu, don kar babur ya riƙa fizga gefe.

An gama, an ɗaure taya. Matsin farko hannun birki zai tafi har ya taɓa mariƙin babur, ba abin da ya kama. Sai an yi ta matsawa kafin fistan ya iso takalmin, hannun ya yi tauri. A tsakar gida ake yin wannan, kafin a doshi gangare da inji mai nauyin kusan kilo 300.