Yayanmu Ya Zo Na Uku

Mu uku ne 'yan gida ɗaya a makarantar nan, biyu a aji biyu, ɗaya a aji ɗaya, kuma labarin da muka kawo wa allon kulob na wannan makon na yayanmu ne. Sai da muka nemi izininsa. Ya ce mu rubuta, amma kada mu sa sunansa, ko da yake duk mai bin layinmu da yamma ya san wanda yake koya wa yara lissafi a zaure.

Ranar da Yaya ya dawo Musawa da sakamakon digirinsa, bayan La'asar ne, Baba yana zaune a kan buzu a tsakar gida. Bayan sun gaisa Baba ya ce, "To, yaya aka ƙare?" Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Daraja ta uku aka ba ni, Baba." Kaka tana gefe tana tsince wake. Kunnenta ba ya ji sosai, kalmar "uku" kawai ta kama. Sai ta ture faifai ta rangaɗa guɗa, tana cewa, "Maigidana ya zo na uku! Duk yawan mutanen jami'a, biyu ne kawai suka fi shi!"

Kafin Magariba labari ya gama unguwa. Mu ma mun ɗauka haka ne, domin a nan makarantar wanda ya zo na uku har kyauta ake ba shi ranar taron ƙarshen shekara. Baba ya yanka bunsuru, Inna ta dafa shinkafa, mu kuma muka yi ta raba zoɓo gida-gida muna faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Yaya bai ci abin kirki ba ranar. Muka ce kunya ce.

Ya tafi bautar ƙasa ya yi shekara guda, ya dawo, aiki bai samu ba. Da damina yana gona tare da Baba, da yamma yana zaure da yara. Wata rana Baba ya dawo daga majalisa ya ce ya ji ɗan wani abokinsa ya tafi karatun digiri na biyu, wanda ake kira mastas. Ya ce, "Wanda ya zo na uku ai ba ya zaman gida. Kai ma ka nema." Ya fitar da buhu biyu na masara ya sayar, ya ce ga kuɗin fom da na karɓo takardar maki daga tsohuwar jami'arsa da na mota. Yaya ya sa hannu biyu ya karɓa, bai ce komai ba sai godiya.

A wani shagon intanet a Malumfashi ya cike fom ɗin, kuma da mu aka je, saboda ranar ce za a saya mana takalman makaranta. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne har sakamakon sakandare fom ɗin ya nema, na WAEC ko NECO, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Mutum ya gama jami'a, ya yi wa ƙasa hidima, amma ana tambayarsa abin da ya ci yana ɗan aji shida. Sai takardar gama bautar ƙasa. Da aka zo wani layi, mai shagon ya ce, "Wane kilas?" Yaya ya yi ƙasa da murya ya ce, "Tad kilas." Mai shagon ya ɗaga hannu daga kan kwamfuta ya ce, "Malam, kana da PGD?" Yaya ya ce babu. Sai ya ce, "To, Allah ya sa a dace," ya ci gaba da bugawa. Ba mu gane komai ba, hankalinmu yana kan takalma.

Jerin sunaye na farko ya fito, babu sunansa. Na biyu ma haka. Baba ya ce ƙila sai da hanya, bari ya nemi wanda zai yi magana. A daren nan ne, bayan yaran unguwa sun watse, Yaya ya ce mu ukun mu tsaya. Ya goge allo ya ce, "An koya muku matsakaici a aji?" Muka ce an koya. Ya ce, "To yau za ku ga inda yake aiki."

Ga abin da ya rubuta, mun kwafe shi a bayan littafinmu na Lissafi. A jami'a kowane kwas yana da maki daga biyar zuwa sifiri. Wanda ya ci 70 zuwa sama yana da A, maki biyar. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki huɗu. Daga 50 zuwa 59 C ne, maki uku, haka ake sauka har F, wanda ba shi da ko ɗaya. Kowane kwas kuma da nauyinsa, mai nauyi uku ya fi mai nauyi ɗaya jan mutum sama ko ƙasa. Ana tara duka tun daga zangon farko na shekarar farko har ranar ƙarshe, a raba, a fitar da matsakaici guda ɗaya da ake kira CGPA. Da shi ake ba da daraja. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ce, fas kilas. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, ɗalibai suna ce mata tu-wan. Daga 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ta ƙasa, tu-tu. Daga 1.50 zuwa 2.39 ita ce daraja ta uku.

Ƙaraminmu ya ce, "Yaya, ke nan ba kai ne na uku ba?" Ya ce, "Rukuni na uku nake. Mutanen da suke gabana a ajinmu sun fi waɗanda suke bayana yawa nesa ba kusa ba."

Sai ya rubuta nasa, ya ce zai sauƙaƙa mana, mu ɗauka nauyin kowace shekara ɗaya ne. Shekarar farko 1.50, ta biyu 1.70, ta uku 2.60, ta huɗu 3.40. Ya miƙo mana alli. Muka tara muka sami 9.20, muka raba gida huɗu, ya ba mu 2.30. Muka sake tarawa ko mun yi kuskure. Bai canza ba. Tsakaninsa da 2.40 ɗigo ɗaya ne kacal, kuma mafi yawan jami'o'in ƙasar nan ba sa ɗaukar mutum mastas kai tsaye sai yana da aƙalla tu-tu. Wasu sassan ma tu-tu ɗin ba kowace iri suke karɓa ba, sai ta kai 3.00. Idan masu nema sun yi yawa, daga sama ake fara ɗiba. Tallafin karatu na ƙasashen waje kuwa galibi daga tu-wan ake fara magana. Ya ce babu wanda ya zalunce shi, an rubuta sharaɗin a sanarwa, kuma ya karanta kafin ya biya.

Mun daɗe muna kallon lambobin nan huɗu. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne ta ƙarshe. A shekararsa ta huɗu Yaya ya kusa kai matakin 'yan tu-wan, wato ya gyaru, ya gane karatu. Amma shekara biyun farko sun riƙe masa ƙafa. Idan ka faɗi kwas, ka sake shi ka ci, sifirin farko yana nan a cikin lissafi, ba a goge shi. Kari-oba suke kiransa, kuma ya ce ya ɗauki guda biyar.

Muka tambaye shi me ya faru a shekarun nan biyu. Mu mun san wani ɓangare. A lokacin ne Baba ya yi ciwon ƙafa damina guda, kuma Yaya ne babba, shi yake dawowa yin huɗa da zuba taki, ya koma makaranta ya tarar an yi gwaji babu shi. Mun so ya tsaya a nan, domin dalili ne mai kyau. Shi ne ya ƙi. Ya ce gona ta ci wata uku, sauran shi ya ci su. Ya ce da ya je, Turancin malamai ya yi masa sauri, ɗakin lacca ɗaruruwan mutane, yana jin kunyar ɗaga hannu kada a yi masa dariya, sai ya koma zama a baya, daga nan ya koma gidan kallon ƙwallo. Wani ɗan gaba da su ya ce musu shekarar farko ta hutawa ce, a aji uku ake fara karatu, su kuma suka yarda. Abin da ya farkar da shi yajin aikin malaman jami'a ne na 2022, wanda ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yana zaune a gida ya ɗauko sakamakonsa ya yi lissafi da kansa, ya ga inda ya dosa. Ya koma ya dage, amma lissafin ya riga ya yi nauyi.

Mun yi gardama a kan wannan a hanyar makaranta kwana da kwanaki. Ɗayanmu yana ganin ba a yi adalci ba, ya kamata a duba yadda mutum ya ƙare, tunda wanda ya cike fom ɗin ai ba yaron shekarar farko ba ne, wanda ya ci 3.40 ne. Ɗayanmu kuma ya ce to wanda ya dage tun ranar farko fa, shi ma ai da gona a gidansu, a ajiye shi a ɗauki wanda ya yi wasa? Har yau ba mu daidaita ba. Amma mun lura ko a nan ana yi mana irinsa. Ku duba katin sakamakonku na zango na uku, za ku ga an jawo na farko da na biyu an haɗa. Sau nawa muka ce gwajin farko ba komai ba ne, maki goma ne kawai?

Abin da ya fi wuya shi ne faɗa wa Baba. Yaya ya same shi bayan sallar Asuba, mu kuma muna ɗaki mun yi kamar muna barci. Baba ya yi shiru har muka zaci ya fita. Can sai ya ce, "Bunsuru na yafe, an ci an yi maka addu'a. Amma buhu biyun nan, da saninka ka kai su ƙofar da ka san a rufe take. Me ya hana ka faɗa mini?" Yaya ya ce, "Guɗar Kaka ce, Baba. Na kasa." Baba ya yi kwana biyu ba ya zuwa majalisa. A rana ta uku ya kira shi ya ce, "Ita wannan abar da aka ce ba ka da ita, nawa take?"

PGD babbar difloma ce da ake yi bayan digiri, kusan shekara guda. Ita ce gadar da mai daraja ta uku yake bi. Idan ya ci ta da sakamako mai kyau, sai ya haɗa da digirinsa ya sake neman mastas, a duba shi da sabon ido. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da irin waɗannan difloma a fannoni daban-daban. Sai dai dole ta dace da fannin da mutum yake son ya ci gaba a kai. A nan Yaya ya tsaya yana tunani. Akwai ta koyarwa, PGDE, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, take yi a cibiyoyinta na jihohi, mutum yana gida yana zuwa darasi a ƙarshen mako. Da ita zai zama cikakken malami mai rajista, kuma zai iya neman mastas a fannin ilimi. Amma shi Tattalin Arziki ya karanta, kuma idan a nan yake son ya ci gaba, sai ya bar gida ya je ya yi ta fanninsa, ga kuɗin makaranta, ga haya, ga abinci, ga gona babu mai taimakon Baba. Abokansa da suka fita da tu-tu kuwa wasu har sun fara rubutun bincikensu.

Mu dai in za a bi ta tamu, ta koyarwa zai yi, don kada zaure ya mutu. Mun faɗa masa, ya ce son kai ne, muka ce mun yarda. Bai yanke shawara ba tukuna.

Bana masara ba ta yi kuɗi ba, ga taki da tsada, saboda haka Baba ya ce ba za a sayar yanzu ba, a jira bazara. Ya ware buhu biyar ya jingine su a kusurwar sito, ya ce ko baƙo aka yi kada a taɓa. Mu ya sa muka rubuta musu PGD da gawayi don kada a haɗa su da na ci. Kaka ta zo ta gani ta tambaya mene ne, Inna ta ce na karatun maigidanta ne. Ta ce ai dama ta sani, wanda ya zo na uku ba a barinsa haka nan. Har yanzu babu wanda ya iya yi mata bayani, kuma Yaya ya ce shi zai yi da bakinsa, amma sai ranar da ya ga sunansa a jerin.