Ƙishirwa a Tsakiyar Ruwa

Tukunyar ba ta kai girman kwanon sha ba. Yayata ce ta ba ni ita a Abuja, wata huɗu kafin Allah Ya karɓi abinsa, ta ce in tafi da ita gida mu ga ko furen zai yarda ya zauna a Auyo. Ganye biyar ne a jikinsa, masu faɗi da kauri kamar harshen saniya, sai wani siririn kara da ya ranƙwafo ɗauke da fararen furanni. Okid ake kiransa. Masana tsirrai kuwa suna ce wa wannan jinsin Phalaenopsis, sunan da wani masani mai suna Blume ya raɗa masa a 1825, saboda furen ya yi kama da malam-buɗe-littafin nan na dare da ke zagaya fitila.

Bayan an share makoki, ba shi ruwa ya zama mini kamar wani wuridi. Kullum na dawo daga sallar asuba sai na tsiyaya masa kofi guda. Furannin suka zube, ban damu ba, tunda fure ba ya dawwama. Amma da bazara ta kankama sai ganyen ya fara yamutsewa yana langaɓewa, na ƙasan kuma ya koma ruwan ɗorawa. A watan Afrilu zafin ƙasar Haɗeja yakan haura digiri 40, don haka ban tsaya dogon tunani ba na yanke hukuncin cewa ƙishi ne. Na ƙara masa kofi na biyu da yamma. Abin ya ƙara lalacewa.

Baffana ne ya gano matsalar, mutumin da bai taɓa jin kalmar okid ba, amma ya shekara arba'in yana noman shinkafa da tattasai a fadama. Ya zo gaishe da mahaifiyata ya tarar da ni tsugune a gaban tukunyar. Ya cusa yatsa a ciki, ya sansana, ya girgiza kai.

"Ɗana, kai ne kake nutsar da abin nan."

"Baffa, ai dubi ganyen, bushewa yake yi."

"Haka tattasaina ya yi a ambaliyar 2020. Ruwa ya kwana uku a gindinsa, ya langaɓe kamar wanda ya yi wata bai ga ruwa ba. Ciro shi mu ga saiwar."

Da muka zazzage tukunyar, gansakukar da aka cusa a ciki ta jiƙe sharkaf tana tsami. Mafi yawan saiwoyin sun yi baƙi sun ruɓe; idan ka matsa sai fatar ta saɓule ta bar wani zare a hannunka. Uku kaɗai suka rage da ƙarfinsu.

Abin da Baffa ya sani ta hanyar asara, littafi ma haka ya faɗa. Saiwa tana numfashi. Idan ruwa ya cike duk wata kafa da iska ke bi, sai ta shaƙe ta mutu, matacciyar saiwa kuwa ba ta kai wa ganye ko ɗigo. Shinkafa tana jure kwanciyar ruwa ne domin akwai ƙananan hanyoyin iska a cikin jikinta daga ganye har saiwa. Tattasai ba shi da wannan baiwar. Saboda haka ganyen da aka hana ruwa da wanda aka cika wa ruwa kamanninsu ɗaya ne, dukkansu ƙishi suke ji. Ganye yana sanar da kai cewa akwai matsala, amma saiwa ce take faɗa maka wace iri ce.

Okid ya fi tattasai rauni ta wannan fuska, domin asalinsa ba a ƙasa yake tsirowa ba. A dazuzzukan Indonesiya da Filifin, a jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa a waje suna shan iska. Mai karatu zai iya tuna kauci, sai dai akwai bambanci: kauci yana huda reshe ya tsotsi abincin bishiyar, shi kuwa okid wurin zama kawai yake nema. Saiwarsa tana lulluɓe da wata fata mai kama da soso, wadda ke zuƙe ruwan sama nan take, sannan ta bushe cikin 'yan sa'o'i. Wannan fatar ce ma'aunin mai reno. Idan ta ƙoshi takan yi kore shar, idan ta bushe ta koma fari-fari kamar azurfa. Shi ya sa ake sayar da shi a tukunyar roba mai nuna abin da ke ciki. Ni kuwa na ɗauke ta na saka cikin wata ta tangaran marar huji, don ta fi kyau a ido.

Da sabuwar reza muka yanke duk abin da ya ruɓe. Muka farfasa gawayi da ɓawon kwakwa gutsi-gutsi, muka huda tukunyar roba ta ƙasa da gefe, muka mayar da shi ciki. Daga ranar na daina ƙirga kwana, na koma duba launin saiwa. Idan ta yi fari, sai in kwarara ruwa sosai da safe har ya fita ta ƙasa, in bari ya tsane sarai. Da hunturu hakan kan zo bayan kwana uku ko huɗu, da damina kuwa yakan haura mako. Ruwan sama nake tara masa, domin na rijiyar burtsatse yana barin farin gishiri a bakin tukunya, gishirin kuma yana ƙona kan saiwa. Ina kiyaye kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, inda sabon ganye ke fitowa. Idan wurin ya ruɓe, shukar ta tafi ke nan. Mahaifiyata ce ta samo masa mazauni, a gefen randa, kan jiƙaƙƙen yashin nan mai sanyi, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukansa.

Sannu a hankali na koyi karanta sauran alamomin. Ganyen ƙasa guda ɗaya ya yi ɗorawa ya faɗi, wannan tsufa ne kawai. Tabo fari ko ruwan ƙasa, busasshe, a gefen da ke fuskantar taga, ƙunar rana ce. Tabo mai laushi da ruwa-ruwa, mai wari, wanda ke faɗaɗa cikin kwana ɗaya ko biyu, cuta ce, sai a yanke shi tare da ɗan lafiyayyen gefensa. Ganyen da ya yi kore mai duhu sosai yana neman ƙarin haske. Yamutsewa kuwa ba ta da fassara sai an duba saiwa.

Na sha rubuta labarin ruwa a yankin nan, amma sai a gaban wannan tukunyar na fahimci wani abu da manoma suka daɗe suna gaya mini. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja yakan cika ya malala da damina, ya janye da rani, ƙasa ta sha iska. Da ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonakin suka zama tafki na dindindin, wasu kuma can gaba ruwan ya daina isa gare su. Na kasance ina auna arzikin fadama da yawan ruwan da ya shigo. Su kuwa suna auna shi da shigowarsa da kuma fitarsa a kan lokaci.

Ban ɓoye wa kaina dalilin da ya sa na yi ta ɗura wa shukar nan ruwa ba. Lokacin jinyar Yaya ina can ina bin labarai daga wannan gari zuwa wancan, sau biyu kacal na samu zuwa dubiya. Kofin nan na asuba biyan bashi ne, kuma shukar ce ta kusa biyan kuɗin da ranta.

Tsofaffin ganyen ba su miƙe ba, kuma ba za su koma yadda suke ba. Amma bayan wata biyu wani koren tsinin saiwa ya leƙo ta gindi, daga baya sabon ganye ya biyo, santsi gare shi kamar an shafa masa mai. Bai sake fure ba tukuna. Sanyin dare na 'yan makonni shi ke sa irinsa fitar da karan fure, mu kuwa ba ma rasa wannan a Disamba da Janairu. Duk sanda Baffa ya shigo gidan, kafin ya zauna sai ya leƙa gefen randa, ya cusa yatsa a tukunyar, ya ce, "Bar shi tukuna, ɗana. Sai jibi."